Dogon Bututu ko Gajere

Shekarar da na iya karanta lamba, ita ce shekarar da bututun iskar motata ya tsage. Na haura arba'in lokacin, ina zuwa ajin manya bayan la'asar. Motar tsohuwa ce mai turbo, na'urar da ke ƙara cusa wa injin iska, da ita nake ɗauko katan-katan na daskararren kifi daga tashar jiragen ruwa ta Owendo zuwa kasuwar Mont-Bouët. In ta kasa, kifi ya narke, masu saye su koma wajen wata.

Abin da ya tsage shi ne mai raba wa injin iska, bututu huɗu a jere kamar yatsu. Muka zaga ba mu sami irinsa ba. Wani dattijo mai walda, mutumin Maraɗi, ya ce zai ƙera mini na alminiyam, sai dai in zaɓa: dogaye ko gajeru?

Ƙanena, wanda ke karɓar tuƙi in na gaji, ya yi caraf ya ce wa dattijon: "Gajeru, Baba! Iska ta faɗa kai tsaye, mota ta tashi."

"Ta tashi ta je ina?" na ce. "Kai da kake wuni a cunkoso?"

"Yaya, wannan fa ba maganar kifi ba ce."

Dattijon ya bari muka gama. Ya ce gajere ba ya ba da ƙarfi sai injin ya yi ihu, dogo kuwa yana ja tun daga ƙasa, kafin turbo ya farka. "Ni ba na yanka ƙarfe a kan gardama, Hajiya. Ku je ku gano inda allurar juyin injin take wuni."

Kwana shida ina zaune a gaba da littafin makarantata, ƙanena na tuƙi, ina rubutawa. Ɗaya da rabi. Biyu. Biyu. Ɗaya da rabi. Hannuna bai saba ba, biyuna kamar agwagwa ta karye wuya, amma tana karantuwa. Ran nan a titin bakin teku ya taka totur da gangan har allura ta taɓa huɗu, ya ce in rubuta. Na rubuta. Sau ɗaya ne a shafi uku.

Dattijon ya bi shafukan da yatsa, ya jawo doguwar sandar alminiyam. Wuri ya yi kaɗan a ƙarƙashin bonet, dole ya lanƙwasa bututun kamar ƙahon rago. Aikin ya ci kwana uku.

Akwai wani hawa dab da kasuwa inda kullum kulocina ke ƙauri. Ranar lodin farko ni na riƙe sitiyari. Mota cike, tasi gaba tasi baya, na sa giya ta biyu, na ɗan taɓa totur. Ta haye a natse, ba ihu ba ƙauri.

Ƙanena ya leƙa taga. "Dubi, har mai baro zai wuce mu."

"Bari ya wuce," na ce. "Sauka ka buɗe but, mata na jira."