Inna Atika Ba Ta Cewa Da Sauƙi

A Tudun Wada, shekarun da jirgin ƙasa ya fara ratsa Zariya, kowa ya san Inna Atika mai fura, amma ba kowa ke son ta zo masa dubiya ba. Kakata ce, don haka ina da bakin faɗa: tsohuwar nan ba ta iya lallashi ba. In an tambayi jikin majinyaci, ai "da sauƙi" ake cewa, ko da ruwa ake ɗiga masa da ludayi. Ita kuwa sai ta dube ka ta ce, "Jiki kam ya yi tsanani, sai addu'a." Mata suka sa mata suna Mugun Baki, a bayan idonta.

Ba haka ta taso ba. Daga wani ƙauye a gefen Soba mijinta ya kawo ta, lokacin da baƙi ke ta kafa gidaje a bayan ganuwa. Uwarta ta kwanta ciwo a can, duk fataken da ta tambaya sai su ce da sauƙi. Ta yarda, ta ci gaba da dakanta. Ana cikin sauƙin nan aka aiko mata da zanen tsohuwar da carbinta. Ba ta yafe wa kalmar ba har ta mutu.

Danga ɗaya ce tsakaninta da Mairama, matar Lawal maɗinki. Lawal mutumin kirki ne, amma ko ɗaki na yoyo a kansa cewa zai yi bana damina ta yi albarka. Tari ya kwantar da Mairama, ta rame har awarwaro yana zare kansa daga hannunta, shi kuwa kullum, "An samu sauƙi, jiya har kunu ta sha." Ɗansu Kailani yana Kaduna, yana aikin gini a sabon garin da Turawa ke kafawa, kuma saƙon da ke isa gare shi ke nan. Mairama ba za ta iya cewa a kira shi ba. Ɗan fari ne, akwai kunya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ambatar sunansa ba, "wancan" take cewa.

Wata rana da hantsi Atika ta shiga da ƙwaryar fura, ta tarar da mata suna cewa Mairama ta yi kyan gani, ta kusa tashi. Ta jira suka watse, ta zauna bakin tabarma, ta kama hannunta.

"Mairama, jikin nan ba sauƙi."

Hawaye ya gangaro wa Mairama. "Na sani, Yaya. Na gaji da murmushi. Kowa cewa yake na warke, na rasa wanda zan gaya wa tsoro nake ji."

"To, gaya mini." Ta saurare ta har ta gama, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Sannan ta ce, "Wa kike so ki gani?"

Mairama ta juya fuska bango. "Wancan yana da aiki."

Atika ta fito ta samu Lawal a zaure, yana ɗinkin wuyan riga, ta ce masa jikin Mairama ba sauƙi, a aika a kira Kailani. Ya ce, "Haba Inna, kada ki yi mana mugun fata. Allah ne mai warkarwa."

"Shi ne, Malam Lawal, kuma Shi ne mai ɗauka. In ta tashi, yaron ya sha hanya a banza, ku zage ni. In ba ta tashi ba fa?"

Allurar ta tsaya. Mutumin da bai taɓa yarda yana cikin damuwa ba ya rufe fuska da rigar mutane ya yi kuka, ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa don kada kowa ya shigo. Daga nan ta nemi Muntaka, mai zuba wa jirgi gawayi, wanda ke shan fura a wurinta. "Ka ce wa Kailani, ni Atika na ce ba sauƙi."

Mairama ba ta tashi ba, amma Kailani ya iske ta da rai. Kakata tana ɗakin, ita ta ba ni labarin. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, kansa a ƙasa, farar ƙasa ba ta ma gama fita daga farcensa ba. Mairama ta daɗe tana kallonsa.

"Kailani," ta ce.

Sai da ya waiga baya yana neman mai kiran, don bai taɓa jin sunansa da muryar uwarsa ba.