Madarar da Na Ɗora a Wuta

Hannunta na fara gani kafin fuskarta. Ina tsaye a ƙofar madafa, a gidan Bajamushen da nake wa aikin kuku a Garwa, sai ga wani hannu ya ɗaga faifai daga kan ƙwarya a hankali, kamar mai buɗe fuskar jariri. Madara ce fara sol, ko kumfar ba ta kwanta ba. Sai daga baya na ɗaga kai na ga mai hannun. 'Yar Fulani ce doguwa, tana kallona kamar ni aka kawo talla.

A lokacin ban wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Mahaifina mahauci ne, ya so in gaji wuƙa, ni kuwa na bi tukunya. Maigidana ma'aikacin wani kamfanin ciniki ne a bakin Binuwai, kuma abinci ɗaya yake so a duniya, makaroni da cuku, a gasa har sama ya yi ja. Su biyun jirgin ruwa ke kawo su, jirgi kuwa ba ya isowa Garwa sai kogi ya cika. A shekarar nan kayan suka ƙare tun ruwa bai gama janyewa ba.

Makaroni bai dame ni ba. Innata ta iya taliya. Takan sayi alkama a hannun fataken Barno, ta niƙa, ta kwaɓa, ta murza da yatsu ta shanya a tabarma. Ni dai na roƙe ta ta riƙa yi gajeru masu kauri. Cuku kuma wata Banufiya, matar wani matuƙin jirgi, ta nuna mini yadda ake yinsa da madara da ruwan tumfafiya. Saura madarar. Matan Fulani nono da man shanu suke kawowa kasuwa, ba madara ba. Na yi ta cigiya, har cigiyar ta kawo mini wannan yarinya.

"Kai ne Kaɗon da ke neman madara?" in ji ta. Kaɗo suke ce wa Bahaushe.

Na ce, "Ni ne. Allah ya sa ba a haɗa ta da kogi ba."

"In ka ga ruwa a ciki, yawunka ne ya ɗiga."

Na yi dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta juye mini a kwano, sannan ta ce, "Ta saniyata ce, wadda babana ya ba ni tun ina goye. Ku sha ta yadda take, ko ku bar ta ta yi tsami. Amma kada ta taɓa wuta. In madara ta ji wuta, hantsar saniya ma za ta ji."

Na ce, "To."

Tukunyar tana bayana a kan murhu sa'ad da na faɗi haka. Na ɗauka camfi ne irin na mutanen daji, kuma na ji tsoron in na yi gardama ba zan sake ganin hannun nan ba.

Ga yadda nake yi. In ɗora madara a wuta marar ƙarfi, in daka ganyen tumfafiya in tace ruwan in zuba kaɗan. Can sai ta tsinke, fari ya taso, ruwa ya koma ƙasa. In kwashe a tsumma mai tsabta, in sa gishiri, in danne da dutse har kwana biyu. Wannan cukun ba ya narkewa kamar na gwangwani, taurin kai gare shi. Sai na koyi marmasa shi in haɗa da man shanu da ƙwai da ludayi guda na kindirmo, in juya da dafaffiyar taliya, in rufe tukunya, in zuba garwashi a kan murfi. Bajamushen ya ɗanɗana, ya yi gunaguni da yarensu, ya cinye tas.

A gidanmu ne abincin ya sami 'yanci. Ran Juma'a nakan dafa a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta kan zana suna cewa ɗan mahauci ya zama uwargida. Mahaifina ba ya ci sai an daka kilishi an barbaɗa a sama. Inna tana son a soya albasa har ta yi duhu, a ƙara kindirmo. Sau ɗaya na gwada daddawa, kaji ma sai da suka yi shawara kafin su ci. Ni kuwa ɓawon ƙasan tukunya nake so, da yaji kaɗan, in ci shi da ɗumi ina tunanin wadda ta kawo madarar.

Wata uku tana zuwa kowace safiya. Ta fara zama a kan turmi tana hutawa kafin ta wuce kasuwa. Ta koya mini gaisuwarsu, tana dariyar yadda nake karya ta. Ni kuma duk hanyar da ta bi sai in ga kamar ta fi sauran hanyoyi haske. Na gaya wa Inna ina so a je a nema mini ita. Inna ta ce, "Ka fara gaya mata abin da kake yi da madararta. Hayaƙi ba ya ɓoyuwa a ɗaki." Na ce zan faɗa. Kullum sai in ce gobe.

Da rani ya shigo, madarar ta fara raguwa. Wata safiya ta zo da rabin ƙwarya, idonta ya yi ja. Ta ce saniyar tana ƙafewa, ta sayo kanwa, ta yi tafiyar yini neman saiwar magani, har uwarta ta daina gaisawa da wata maƙwabciyarsu da suke zargi da baki. Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Iyakar abin da na ce ke nan.

Wani tunani na samari ya zo mini. Na ce in ta ɗanɗana abin da madararta ke zama, daɗin zai yi mini magana. Na sa Inna ta gayyace ta ran Juma'a. Na yi wanda ban taɓa yin irinsa ba, da man shanu sabo da albasa, ban sa kilishi ba. Da yake ba za ta ci abinci a gabana ba, na koma zaure na bar su, amma ina jin komai.

Na ji ta ce, "Inna, ashe Kaɗonki ya iya wani abu ban da surutu." Suka yi dariya. Can ta ce, "Wannan farin mai laushi fa, mene ne?"

Inna ba ta ƙarya, ko don ɗanta. Ta ce, "Madararki ce, 'yata."

"Ɗanya?"

"Dafaffiya."

Sai na ji an ajiye cokali. Ta wanke hannu, ta yi wa Inna godiya kamar yadda ya kamata, ta fito da ƙwaryarta. Na tare ta a zaure na ce, "Wallahi rani ne. Kowace saniya tana ragewa da rani, ke ma kin sani."

Ta ce, "Wataƙila rani ne."

"To, ai kin gani."

"Ran da na zo ina kuka, ka sani?"

Na kau da kai.

"Ka bar uwata ta ɓata da maƙwabciyarta. Da ka ce mini tun farko ba za ka iya ba, da na kawo maka ta wata saniyar, ko mu yi ta faɗa har ɗaya ya gaji. Amma ka ce to." Ta gyara faifanta. "Abincin da daɗi, Kaɗo."

Ba ta sake zuwa ba. Bayan mako guda na ɗauki kawuna muka je rugarsu da goro da gishiri. Mahaifinta ya shimfiɗa mana tabarma, ya karɓi goron, ya ce shanu za su tashi zuwa kudu neman ciyawa, maganar aure kuwa 'yarsa ta ce a bar ta. Na yi ta duban bukkoki, ba ta fito ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina camfi ne ya raba mu. Haka ya fi sauƙin ɗauka. Sai da na yi aure, na haifi 'ya'ya, na ji yadda nake ji in ɗaya ya ce mini to alhali bai nufa ba, sannan na gane inda laifin yake. Har yau ban yarda wuta tana ƙafar da hantsa ba. Amma ba yardata ta nema ba ran nan.

Yaƙi ya zo, Jamusawa suka tafi, na yi wa waɗanda suka biyo bayansu girki har ƙafafuna suka gaji. Na riga na tsufa tukuf sa'ad da wani dillalin shanu, abokin ƙanena, ya ba ni labarinta. Ta auri ɗan baffanta, suka zauna a ƙasar Rey. Mijin ya rasu da wuri, ita ta riƙe garke da yara shida har suka girma. Ya ce in rigima ta tashi tsakanin makiyaya da manoma, ita ake kira ta faɗi abin da ta gani, ko da a kan 'ya'yanta ne, kuma ba a ƙara magana bayan tata. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, amma ana kai mata ƙara har bakin bukka. Ran da ta rasu, in ji shi, kasuwar ƙauyen ba ta ci ba.