Na yi rubutu da biro a bayan katin kafilina

Jama'a, yau saura ƙiris iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, ta tafi, kuma laifina ne!

Bayan La'asar na kai kafilina, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamana a nan, wani katafaren zaure kusa da unguwar Murabba, inda ake baje katunan 'yan ƙwallo. Ban taɓa zuwa ba. Kowane kati yana cikin leda, ana lallaɓa shi kamar jariri. Ya miƙo mini wani tsohon katin mai tsaron gida da zai yi musanye da shi, ya ce, "Riƙe, Ya Sani, zan zaga."

Ni da rawar kaina, sai na ji tsoron ya cakuɗe da na mutane. Na zaro shi daga leda, na rubuta sunan kafilina a baya, yadda muke yi wa hoto a gida.

Da kafilina ya dawo ya miƙa katin, wanda za su yi musanyen da shi yana juya shi ya dafe kai. "La haula! Wa ya ɓata wannan? Khalas, shi ke nan, ba na so!"

Na juya wurin kafilina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne. Ban tambaya ba. Ka yafe mini."

Kafilina ya daɗe yana kallon rubutun. Ni har na hango kaina a filin jirgi.

Sai ya fashe da dariya! Ya ce, "Marigayi yayana ne ya ba ni shi. Tun a mota zuciyata ba ta son rabuwa da shi. Yanzu ba mai karɓa, alhamdulillah."

Duk mai zuwa wurin nan, don Allah ya tambaya kafin ya taɓa. Ni Allah ne ya rufa mini asiri, har shinkafar kabsa kafilin nawa ya saya mini a hanya!