Layin da Zai Kai Hannun Inna Kaduna

Autanmu ba ya ji. Sanƙarau ne ya tafi da kunnuwansa yana ɗan shekara uku, ba da jimawa ba bayan an raba mu da Kano an ce mun zama 'yan Jigawa, 'yan kalmomin da ya fara koya kuma suka bi kunnuwan. Tun daga nan shi da Inna suka ƙirƙiro maganarsu ta hannu. Mu ma mun iya, amma iyawarmu ba ta wuce ta "zo ka ci tuwo" da "ina ka ajiye fartanya" ba. Su biyun kuwa har gulma suke yi. Sau nawa ina zaune a tsakar gidanmu na Zandam, Inna ta karkata leɓe ta taɓa gefen hancinta, Auta ya tuntsire da dariya. Na san da ni ake, ban dai san me aka ce ba.

Da ya girma ya koyi aikin kafinta, hannunsa ya yi kyau, har wani mai shago ya tafi da shi Kaduna. Nan matsala ta taso. Kowace uwa in ɗanta ya yi nisa tana jin muryarsa a waya. Inna ba ta da wannan. Ba ta karatun boko, shi ma bokon nasa na a gaisa ne kawai. In ba ta ga hannunsa ba, shi kuma bai ga nata ba, to babu magana tsakaninsu. Kiran bidiyo ne kaɗai mafita, shi kuma yana son sabis mai ƙarfi, abin da 'yar wayar matar Yaya Babba, matar wanmu da ke zaune da Inna, ba ta iya jawowa a cikin gidan.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a Birnin Kudu, kuma ina da wani hali da maigidana ya gaji da yi min magana a kansa: in na ga lamba, na gama yarda. Na ce a bar min aikin. Na sayi 'yar na'urar intanet ta gida wadda ake sa wa layi, na haɗa da ƙaramar sola don caji, na sayi layukan kamfanoni uku da aka ce suna kamawa a yankinmu. Wata Asabar na hau mota zuwa Gwaram, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni gida.

Akwai manhajar da ke auna gudun sabis. Na zauna a gindin rumbu ina sauya layi ina aunawa, ina rubutawa a littafi kamar mai duba jarrabawa. Layin farko ya ba ni lamba babba, kuɗinsa kuma tsaka-tsaki. Na biyu shi ne mai araha, suna zuba data kamar ba su san darajarta ba, gudunsa ba yabo ba fallasa. Na uku ya fi su tsada, lambarsa kuma ta fi ta kowa ƙanƙanta, har na yi tsaki na ce wannan ai rainin hankali ne. Manhajar tana nuna lamba biyu, babba ta fara fitowa, wata 'yar ƙarama ta biyo baya a ƙasa. Ta farkon kawai na rubuta. Na zaɓi layin farko, na yi wa mutanen gida dogon bayanin da ba wanda ya tambaye ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ne Auta yake samun hutu, sai ta zama ranar kira. Matar Yaya Babba ta danna, ta jingina wayar a jikin ƙwarya, Inna ta zauna a tabarma. Ga Auta tar, har ƙurar katako da ke gashinsa ana gani. Inna ta dinga sa sabon kallabi saboda Juma'ar nan. Ni kuma na koma Birnin Kudu ina hura hanci, duk wadda ta yi min ƙorafin sabis a ofishin malamai sai na ba ta shawara.

Bayan 'yan watanni Inna ta fara wata magana da ban so ba. Wai Auta ya canza. Da can in ta ce ɗaya sai ya ce uku, yanzu kuwa sai murmushi da gyaɗa kai. Ta ba shi labarin abin dariya, ya gyaɗa kai. Ta gaya masa an yi rasuwa a maƙwabta, ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ta ce birni ya cinye mata ɗa. Na ce mata girma ne da gajiyar aiki.

Sai maganar gona ta shigo. Tun rasuwar Baba, Yaya Babba ne yake noma gonar da ta faɗo a rabon Auta. Inna ta yanke shawarar cewa yawon ya isa haka, Auta ya dawo kafin damina ya karɓi gonarsa, a nema masa mata. Juma'a uku a jere tana gaya masa, Juma'a uku yana gyaɗa kai. Ta hana Yaya Babba taɓa gonar. Da hannunta ta zaɓi zangarniyar gero mafi kyau ta ajiye masa iri. Na ce bari na rubuta masa na tuna masa, ta ce kul, ɗan da ya amsa wa uwarsa ba a tuna masa.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka. Aka yi noman fari, aka shiga maimai. Gonar Auta na nan a bakin hanya ciyawa ta rufe ta, duk mai wucewa sai ya kalla. Inna ta tambaye shi ina alkawari, ya yi murmushi ya gyaɗa kai. A ranar ta kife wayar a tabarma, ta ce wa matar Yaya Babba kada a sake kira. Ban taɓa ganin Inna ta yi sanyi irin na wannan damina ba. Ta daina hira, hannuwanta kullum suna kan cinyarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Irin faɗan da nake so na yi masa ba zai shiga rubutu ba, sai ido da ido. Ana ba mu dogon hutu na kama hanyar Kaduna, na same shi a shago ranar Juma'a, ko ruwan da ya miƙo min ban sha ba na fara. Na yi masa alamar gona, na yi alamar Inna, na yi alamar kuka. Ya tsaya yana kallona baki buɗe, sannan ya juya tafin hannu yana tambaya, wace gona? Na ɗauka rainin wayo ne. Na kira matar Yaya Babba na roƙe ta ta lallashi Inna ta zauna gaban waya ko na minti biyar ne, a yi ta ta ƙare a gabana.

Kiran ya shigo wayarsa. Na zauna kusa da shi a kan benci, karo na farko da na kalli Inna daga wannan ɓangaren.

Tana tsaye cik a allon, hannu ɗaya a sama, fuskarta ta dagule kamar hoton da ya faɗa ruwa. Can sai ta zabura, hannun ya riga ya sauka, ya zama wani dishi-dishi, ta sake daskarewa. Ko alama ɗaya ba ta iso cikakkiya ba. Na juya na dubi Auta. Ya gyara zama, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai.

Na tambaye shi tun yaushe yake ganin ta haka. Ya ce tun ranar farko. Na ce don me bai faɗa ba, ko da a rubuce? Ya ce ya san da albashina na sayi kayan, ya kuma ga kowa yana murna. Wannan ma ba shi ne babba ba. A duniya Inna ce kaɗai bai taɓa ce wa "ban gane ba", ita ma ba ta taɓa ce masa ba, ya rasa ta inda zai fara. Ganin fuskarta ma, ko a daskare, ya ishe shi sati. Ya buɗe wayar ya nuna min hotunan da yake ɗauka duk sanda fuskar ta ɗan fito, kowanne da kallabinsa. Na yi kuka a shagon mutane, ban ji kunyar kowa ba.

A hanyar dawowa na tsaya wurin wani dattijo mai gyaran waya a Gwaram na kwashe labarin na gaya masa. Ya tambaye ni nawa lamba ta biyu ta nuna. Na ce ban rubuta ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, ai ita ce taku," ya ce. "Ta farkon abin da ke zuwa muku ne, ta biyun abin da ke fita daga wurinku. Ƙarfen sabis ɗin kamfanin nan yana da nisa da ku. Shi muryarsa babba ce, kuna jin sa. Na'urarku muryarta ƙarama ce, shi ba ya jin ku."

Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ni da nake zare wa ɗalibai ido in sun amsa rabin tambaya, ni ce na amsa rabi na ba kaina maki cikakke.

Na yi wa Inna bayani. Ta saurare ni har ƙarshe ta ce ta ji. Amma na san ba ta yarda ba. Da idonta ta gan shi yana gyaɗa kai, a ganinta ina nema wa ƙanena uzuri ne kawai.

Sauran hutun a Zandam na yi shi, na sake gwajin daga farko. Wannan karon ban tsaya ga manhaja ba. In na kira Auta sai na riƙa ɗaga yatsu ina sauyawa, shi kuma ya maimaita min abin da ya gani. Na gwada da safe, na gwada da azahar, na gwada ranar kasuwa, na gwada ana yayyafi. Layin farko bai canza hali ba, yana kawo shi sarai, ba ya kai ni. Mai arahar ya so ya yaudare ni, don da sassafe yana kai yatsuna lafiya lau. Amma rana na ɗagawa, mutane suka hau, sai ya fara ja da ƙafa, kuma da aka yi ruwa mai iska kwana biyu ba mu gan shi ba. Araha ba ta ado. Na ukun da na yi wa tsaki, ashe ƙarfen sabis ɗinsa ya fi kusa da mu. Ba ya gudu, in ka ce za ka kalli fim da shi za ka yi ta haƙuri, hoton Auta ma ba ya fitowa tar kamar da. Sai dai abin da yake kawowa da abin da yake kaiwa kusan kai ɗaya ne, kuma bai taɓa ɗaukewa ba. Yatsa huɗu in na ɗaga, huɗu Auta yake gani.

Tsadar kam tana nan, datarsa kuma ba ta da auki. Na kafa doka cewa ranar Juma'a kaɗai za a kunna, mai son kallon wani abu ya nemi nasa. Yaya Babba ya kafa doguwar gora kusa da rumbu, muka rataye na'urar a sama, muka kifa mata roba saboda ruwa.

Juma'ar ƙarshe kafin na koma makaranta na roƙi Inna ta zauna. Ta zauna da tsohon kallabinta. Ko gaisuwar Auta ba ta amsa ba, ta tafi kai tsaye: gona, kai, dawo. Ta yi shi a hankali, kamar mai magana da baƙo.

Auta ya kalle ta har ta sauke hannu. Sannan ya girgiza kai.

Ya yi magana mai tsawo, ni ma na tsinci mafi yawanta. Ba zai dawo noma ba. Yana son aikinsa, a can ana neman sa da sunansa, ba a ce masa kurman gidan wane. A ba Yaya Babba gonar ya ci gaba. Zai zo da salla ya yi sati biyu. Ya ba ta haƙurin daminar da aka rasa.

Inna ta yi shiru ba motsi, har Auta ya fara ƙwanƙwasa allon wayarsa da yatsa yana zaton ta sake daskarewa. Abin da take tsoro tun farko shi ne ya fito ƙarara. Sai kawai hannuwanta suka tashi. Ta ce gonar ubansa ce. Ya ce ya sani. Ta ce katako ba ya haihuwa. Ya ce gero ma ba ya hana fari. Tana yi yana katse ta, yana yi tana katse shi, har awarwaronta yana ƙara. Na miƙa hannu zan shiga tsakani, ta buge min shi ba tare da ta kalle ni ba.

"Bar mu," ta ce. "Ba ki ga musu yake min ba?"

Hawaye na bin fuskarta, amma muryar ba ta mai baƙin ciki ba ce.

Auta bai dawo noma ba har yau. Da damina ta zagayo Yaya Babba ya shuka gonar da irin da Inna ta ajiye. Na yi ta tunanin shekarar nan da muka yi muna kallon hoto mai kyau muna cewa komai lafiya, don mu daga namu ɓangaren ba abin da ya rage mu da shi. Yanzu in wata ta tambaye ni wane kamfani ya fi, sai na tambaye ta wa take so ya gan ta, kuma ko ta taɓa zama kusa da shi ta ga abin da yake gani.

A ranar sun kusa awa guda suna yi. Da faɗan ya lafa na ga Inna ta saci kallona, ta karkata leɓe, ta taɓa gefen hancinta. Daga Kaduna Auta ya tuntsire da dariya har ya kusa faɗowa daga benci. Ban tambayi me aka ce ba, na tashi na ɗora ruwan shayi.