Gonata a Tsakiyar Kwara

Gara in faɗa da bakina tun ƙanwata Dije ba ta riga ni ba. In akwai wawa a labarin nan to ni ne, kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai aji uku na lakwal, makarantar boko. Wata safiyar Juma'a ce cikin ɗarin 1974, shekarar da soja suka karɓi mulki a Yamai. Ina tsaye a gefen wani jirgin katako a bakin kogin Kwara, can ƙasar Yawuri, da guntun filafilin tuƙi a kafaɗa kamar babban manomi zai fita aiki. Na duba inda gonata take, babu gona. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, sai ƴan kunnuwan hatsi kore shar suna leƙowa sama, ƙananan kifaye na ja suna saki. Shekarata goma sha ɗaya, kuma a duk garinmu Hawandawaki ba a taɓa yin wanda kifi ya yi masa ɓarna a gona ba sai ni.

Abin da ya kai mu can ba yawon buɗe ido ba ne. Damina biyu a jere sama ta yi mana rowa. A yi shuka ta fito, ta kai tsawon ɗan yatsa, rana ta ƙone ta. Rumbunmu ya koma ɗakin ɓeraye, su ma daga baya suka yi ƙaura. Inna takan jiƙa dilo, ƴaƴan anza na daji, kwana uku tana sauya ruwa don ɗacin ya fita, mu ci da ganyen jiga, mu kwanta ciki na kiran ciroma. A lakwal malaminmu, da muke kira Mushe, yana rubuta lissafi a allo, mu kuwa idonmu na kan ƙofa ko motar tsaba za ta zo daga Tasawa. Da kaka ta zo babu dami ko ɗaya, Baba ya sayar da jaki, ya ce za mu bi wani ɗan garinmu da ke dakon albasa a Yawuri. Kakata Iya Dela ta ce ƙafarta ba za ta ƙetare iyaka ba, wadda za ta mutu ta mutu kusa da kabarin mijinta.

Ranar tafiya ta fito daga ɗaki da wani gora, bakinsa a liƙe da laka da toka. Irin hatsinta ne, mai gashi a kai, wanda tsuntsu ba ya iya sauka ya ci. Da shi ta zo gidan kakanmu tana amarya, kuma kowace kaka ita da kanta take zaɓen zangarniyar da za a ajiye. Furarsa fara ce tas, da wani ƙanshi da har yau ban san sunan da zan ba shi ba. Ta miƙa wa Inna goran ta ce, "Ku tafi da shi. In ya kwana ɗakina, yunwa za ta sa in ci." Sannan ta juyo gare ni, da yake ni ne angonta na wasa, ta ja kunnena. "Kai kuma, mijin banza, ka dawo mini da shi kafin ruwan fari, ko in sake ka."

Mun taka da ƙafa har cikin Najeriya, sannan kamiyo, babbar motar kaya, ta yi ta jijjiga mu kwana biyu. Ɗan garin namu ba shi da ɗakin ba mu, amma ya san wani mai jirgin ɗaukar albasa da injinsa ya mutu, ana jiran ƙarfe daga Ikko. Mai jirgin yana neman wanda zai zauna ciki, yana kwarfe ruwan da ke tsatsowa ta tsakanin katakai kada ya nutse. Haka mutanen jigawa huɗu, waɗanda ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba, suka tare a kan kogi. Baba ya kafa rumfar zana a tsakiya. Inna ta zuba yashi a kan guntun kwano ta dasa duwatsun murhu. Goran Iya kuwa ta naɗe shi da tsumma, ta rataye a can saman rumfa inda danshi ba ya kaiwa.

Zaman jirgi sai wanda ya yi. Satin farko Inna ta ɗaure ƙafar Dije da igiya kamar ƴar akuya, don shekararta bakwai kuma ba ta san tsoro ba. Baba zai kabbara salla yana duban gabas, iska ta juya jirgi, ya sallame yana duban kudu, har sai da ya je ya tambayi malamin masunta ko sallarsa ta yi. Daka ta gagara, don taɓarya ɗaya za ta iya fasa katako, sai Inna ta ɗauki turmin aro ta hau tudu. Ni wannan ya fi damuna. Gida ba tare da amon taɓarya da asuba ba, ai masauki ne. Komai namu warin albasa yake, har bargo. Sanyin kan ruwa kuma daban yake da namu, ta ƙasa yake shigowa ya kama ƙashin baya. Amma mun ci mun ƙoshi. Baba na dako a kasuwa, masunta na jefo mana kifi don tausayi, suna kiranmu ƴan tudu. Inna dai har muka baro ba ta yarda ta zubar da ruwan wanke-wanke ba, sai ta adana shi a ƙwarya, alhali tana zaune a kan kogi.

Kwarfar ruwa aikina ne, safe da yamma. Yaron da aka sha duka don ya ɓarar da rabin moɗa, yau an ba shi ƙwarya an ce ya yi ta zubarwa. Ina kwarfa ina tunanin gonarmu ta arewacin gari, da gawon da muke hutawa ƙarƙashinsa, da abokan langa, da Iya Dela ita kaɗai a tsakar gida. To, bayan jirginmu, in ka ratsa ruwa iya gwiwa ka zaga wata ciyawa mai tsawo, akwai wani tsibirin yashi. Ranar da na fara taka shi sai da na zauna. Yashin gonarmu ne sak, ja-ja, mai laushi, sai dai wannan in ka tona da yatsa danshi ne a ƙasa. Nan ilimin lakwal ya motsa. Na ce, a gida akwai gona babu ruwa, a nan ga ruwa ga yashi, iri kuma yana rataye yana barci. In na shuka yanzu, kafin bazara na girbe, in kai wa Iya dami a maimakon gora, duk gari a san ta yi dacen miji.

Na jira Inna ta hau tudu daka, na sauke goran, na ɓanɓare lakar, na ɗibi tafi ɗaya. Shuka ba ta yiwuwa da mutum guda, sai mai sara da mai binne, don haka na ɗauki Dije aiki, ladanta tumun farko. Ina gaba ina sara da guntun filafili a madadin sungumi, tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, yadda muka ga ana yi tun muna goye. Kwana biyar ya tsiro. Murna ta ɗebe ni, na koma na juye goran kaf muka shuke, na cika shi da yashi don nauyi, na sake liƙewa na rataye. Wani tsohon masunci Basarke mai gyaran koma ya tsaya da kwalekwalensa yana kallonmu. Ya ce, "Ɗan tudu, wurin nan na ruwa ne, aro ya ba ka, kuma ya kusa zuwa karɓa." Na dubi sama, ko gajimare babu. Na yi masa bayani cikin natsuwa, yadda Mushe ya koya mana, cewa ruwa daga hadari yake zuwa, kuma da rani kowane tabki baya yake ja. Har da kalma biyu ta Faransanci na ƙara masa don ya san da wa yake magana. Ya ce, "Allah ya ba da amfani, malam," ya tuƙa ya wuce.

Ashe Kwara ba tabkin Hawandawaki ba ce. Ruwan da aka yi a wata ƙasa mai nisa tun damina, sai tsakiyar ɗari yake isowa nan, babu hadari babu tsawa. Na ga bakin tsibirin yana raguwa, na ce idona ne. Na yi masa kunya da yashi, ya haye. Ranar Juma'ar nan ya gama karɓar kayansa.

Kukan da na fasa shi ya tona ni. Baba ya sauke goran, ya fasa lakar, ya zazzage a tafinsa. Ya daɗe yana duban yashin nan. Bai doke ni ba, da ma ya doka. Ya ce, "Nomau, tsohuwa ta hana cikinta ta ba mu ajiya." Ya karkaɗe hannunsa a kogi, ya ɗauki gammonsa ya tafi kasuwa. Inna ta juya mana baya tana hura wutar da ta riga ta kama.

Da bazara muka ji a rediyon mai shayi cewa soja sun hau mulki, ana rabon tsaba da iri a ƙauyuka. Ƙarfen injin jirgi ma ya iso, zamanmu ya ƙare, muka kama hanyar gida. Mun tarar da Iya Dela da rai, ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu. Ko ruwa ba mu sha ba ta ce, "Angona, ina ajiyata?" Baba ya riga ni, ya ce, "Ruwa ya ci, Iya." Bai tona ni ba. Ta yi wata ƴar dariya. "Shekara biyu muna roƙonsa ya zo, ashe yana can yana cin irina." An bi gida gida har ƙauyukan Mayahi ana cigiyar mai gashi irin nata, kowa ya cinye nasa. Irin rabo muka shuka, ya kuma yi, Alhamdu lillahi. Amma har ta rasu, in an dama mata fura takan kurɓa sau biyu ta ce, "Ba laifi," ta ajiye ludayi. Ba ta sake ni ba, ba ta kuma taɓa tambayata ba.

Yanzu iri a leda yake zuwa, da jan magani a jikinsa, babu wanda ya san kakarsa. Jikokina suna buɗe famfo su bar shi yana zuba, teku ma sun gan ta a cikin waya. Ni kuwa in ɗari ya shigo, wani lokaci nakan ji tabarma tana lilo da ni, in ji warin albasa da tarin Baba a bayan zana. Ban ƙara kwana kusa da iyayena kamar watannin nan ba, mu huɗu bargo biyu, ƙafar wani a cikin haƙarƙarin wani. Wurin da na yi babbar ɓarnata, nan kuma raina ya fi son komawa.

Mu biyu muka rage, ni da Dije. Kwanan baya na je gidanta a Tasawa, ta dama mini fura da hannunta, jikoki sun kewaye mu. Na kurɓa, na gyara zama irin na manya, na fara yi musu wa'azi cewa furar zamani ba ta da ƙanshi, hatsin kirki ya ƙare a duniya, su ba su san abin da suka rasa ba. Dije ta karɓe ƙwaryar daga hannuna.

"Yaya, in furar Iya kake nema, tashi ka tafi Yawuri. Kifayen da ka yi wa noma suna can, sai su sam maka."