Jan Tabo a Gindin Tsamiya

Tukubata a gindin wata tsamiya take, bakin filin da ake dambe, idan ka fita daga Kankia ka ɗauki hanyar Kusada. Mahaifina ne ya kafa ta, ni kuma na gada. Filin ba namu ba ne, na wani alhaji ne mai gidajen haya a cikin gari. Tsakaninsa da mahaifina magana ce ta baki: ka zauna, ka share wurin, kada ka bari a mayar da shi juji. Duk sallah ina aika masa da cinya, yana sa mini albarka. Haka muke, babu wanda ya taɓa jin kanmu.

Cinikina na kaka ne. Da an kai gero gida sai a buɗe dambe, mutanen Dudunni da na Kaikai su yi ta kwararowa a kan babura tun bayan azahar, wasu uku-uku a kan mashin ɗaya. Matan Fulani su jera ƙoransu na nono daga gefena, 'yan acaba su jingine a inuwa. Kalangu na tashi, ni ina jera tsire. Da an yi kisa a fili sai ihu ya ɓarke, jim kaɗan ka ga an yo kaina, wanda ɗan wasansa ya ci ya saya don murna, wanda aka kayar masa ya saya don ya huce. Abin da na samu a waɗannan makonni shi ke riƙe gidana har damina.

Ƙanwata tana auren wani ɗan boko da ke aiki a Kano. Ban taɓa fahimtar aikinsa ba sai shekarar da ya zo mana da kwamfuta a jaka, ana tsakiyar dambe. A gidana ya sauka, matata ta gyara masa ɗakin soro. Ya ce kamfaninsu ne ya turo shi, wasu masu lemon kwalba ne ke son sanin inda jama'a ke taruwa idan ana wasa, da yadda taron ke shafar masu shaguna.

Wata safiya ina yanka nama a tsakar gida ya jawo kujera kusa da ni, ya buɗe kwamfutar.

"Yaya, zo ka ga garinku," in ji shi.

Na goge hannu na leƙa. Taswirar Kankia ce, ga babbar hanya, ga tasha, ga filin dambe, an watsa mata ɗige-ɗige kamar an zubar da gero. Ya ce kowane ɗigo wayar mutum ce. Manyan wayoyin nan suna faɗin inda mai su yake, kamfaninsu kuma yana sayen bayanin ya tara. Ya danna wani abu, ɗige-ɗigen suka fara tafiya. Na ga sun gangaro daga hanyar Kusada, sun kewaye filin, sannan suka watse. Amma ba duka suka watse ba. Daga gabas da filin sun cunkushe wuri guda har wurin ya yi ja.

"Ka gane nan?"

Na ce ban gane ba.

"Kai ne. Tsamiyarka ce. Duk kewayen nan babu inda mutane ke daɗewa tsaye kamar nan."

Ya nuna mini kemis ɗin da ke bakin hanya, ya ce ranar dambe wurin sanyi yake yi, domin babura na tare masa ƙofa. Ya nuna mini tela, shi ma haka. Mai sayar da fetur a kwalba kuwa nasa wurin ya ɗan yi ja. Gaskiya ya faɗa, duk haka abin yake. Na yi ta dariya, na kira matata ta zo ta ga tukubarmu a cikin kwamfuta. Ranar da yamma na zaɓo masa tsoka mai kyau na gasa masa da hannuna, ya ci ya suɗe yatsu a gindin tsamiyar.

Kafin ya koma Kano ya tambaye ni ko wane ne mai filin. Na gaya masa. Ya ce yana son ya je ya gaishe shi, tunda abokin marigayi mahaifina ne. Na ce hakan ya yi kyau.

Dambe ya tashi, sanyi ya wuce. Wata rana da hantsi na iso tukuba na ishe an kafa turaku, an zagaye tsamiyar da igiya, har tukubar tawa tana ciki. Ga tifa ta juye yashi a inda matan Fulani ke zama. Magina suka ce su dai an ce su haƙa harsashi, in je in tambayi Alhaji.

Na same shi a ƙofar gidansa a kan darduma. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba. Bai bari na gama ba.

"Ashe haka wurin nan yake, ba ku taɓa gaya mani ba? Kai da ubanka kuna ta kwasa, ni kuna aiko mani da cinya."

Na ce, "Alhaji, me muka ɓoye? Dambe a bainar jama'a ake yin shi."

"Ni ba ni zuwa dambe. Amma an nuna mani. Surukinka yaron kirki ne, ya buɗe mani ido."

Ya ce shaguna zai jera, masu lemo sun riga sun kama biyu, ɗaya kuma na surukin nawa ne, domin da shi ake aikin. Ni kuma idan ina so, akwai wuri daga baya, kusa da kwatar da ruwan unguwa ke bi. Na dube shi. Mutumin da ya tsaya a kan kabarin mahaifina yana share hawaye, shi ne yake ba ni bakin kwata in gasa naman da mutane za su ci. Na tashi ban yi masa sallama ba.

Na kai kuka wurin mai unguwa, ya ce fili na mai shi ne. Na san haka tun kafin in je. Da Alhaji ba ni da wata hujja, haushinsa kawai nake ji. Wanda nake nema shi ne wanda ya kwana a sorona.

Ya zo ƙarshen mako, a gidan Inna, mahaifiyarmu, na same shi. Yana zaune a kan tabarma yana shan fura, ƙanwata na gefe. Ya miƙo mini hannu, na bar shi da hannun a miƙe.

"Ka je gaisuwa ko?" na ce.

"Yaya, zauna mu yi magana."

"A tsaye zan yi ta. Ka ci abincina, ka kwana a gidana, ka tambaye ni mai fili na gaya maka, ka ɗauki wurin cin abincina ka kai mashi a cikin jaka."

Ya ajiye ludayin. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai ji kunya ba. Da ya sunkuyar da kai, wataƙila da na sauko. Sai ya gyara zama kamar mai koyar da yara.

"Ni ban ƙirƙiri komai ba. Abin da ke akwai na nuna. Ko ban kai mashi ba, wani zai kai. Wurin nan ya fi ƙarfin tukuba, Yaya, kai ma ka gani da idonka."

"Mutanen Dudunni da ka bi sawunsu har gindin itace, wa ka tambaya a cikinsu?"

"Sun yarda. Duk wanda ya sa manhaja a waya sai ya danna ya yarda."

"Da Turanci?"

Ya ɗaga kafaɗa.

Ƙanwata ta ce, "Haba Yaya, ai cigaba ne. Kuma ya ce zai yi maka magana a ba ka wuri."

"An ba ni. Bakin kwata."

Inna ta ce in yi haƙuri, arziki na Allah ne, kada in raba zumunci a kan gindin itace. Na ce mata na ji, uwa ce. Amma na gaya masa a gabanta cewa ƙafarsa kada ta sake taka sorona.

Ranar da aka sare tsamiyar ban je ba, amma ƙarar injin har gidana. Na kwashe ƙarafuna da faranti na koma bakin babbar hanya kusa da tasha. Can ciniki na gudu ne. Mota ta tsaya, fasinja ya miƙo hannu ta taga, kafin ka barbaɗa yaji direba ya ja. Babu wanda ya san ubanka, babu mai cewa a ƙara masa kitse. Ga masu tsire da na ishe a wurin, waɗanda ba su yi murna da zuwana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wayata babba na ba ɗan wana, na sayi ƙarama mai maɓalli. Matata ta ce wannan ba zai dawo da komai ba. Na ce na sani, amma ba zan riƙa yawo da ɗan rahoton surukina a aljihu ba.

Na so a ce shagunan sun mutu. Ba su mutu ba. Kakar da ta biyo baya wurin ya cika maƙil, masu lemo suka kafa manyan laimomi, aka kawo wani daga Kano yana gasa kaza a cikin gilashi. Matan Fulani suka koma can nesa cikin rana. Mutane suka saba, kamar ba a taɓa yin wata tukuba a wurin ba. Wasu tsofaffin abokan cinikina daga Kaikai sukan biyo ta tasha su saya, su ce wallahi namana ya fi, sannan su hau babur su tafi can su zauna.

Bara ƙanwata ta haihu. Inna ta aiko cewa ni zan yi fiɗar ragon suna, tunda duk dangi ni ke yi. Na wasa wuƙaƙena na tafi da sassafe. Liman ya yanka, na feɗe, na sassare, na ware na mai jego, na ware na rabo, ban bar ko tsoka ɗaya jikin fata ba. Ina wanke hannu a bakin rijiya sai ga shi cikin sabuwar shadda, yana ƙamshin turare.

"Yaya, akwai shago ɗaya na ƙarshe da mai shi zai tashi. Na yi magana da Alhaji. In kana so, naka ne."

"Wa zan riƙa biyan haya?"

Ya ce, "Wannan ɗin a hannuna yake."

Na naɗe wuƙaƙena a cikin buhu. Na leƙa ɗaki na yi wa ƙanwata barka, na ɗauki jaririn na tofa masa addu'a, domin shi bai yi mini komai ba. Aka biyo ni da kwanon waina har ƙofar gida, na ce a mayar. Kasuwa na nufa kai tsaye, don ranar ban riga na sayi naman tukuba ba.