Kawu Mudi da Na'urar Gem

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar Kawu Mudi mai igiya a kasuwar Daura ya san yatsan nan nasa. Ka yi sallama, ya amsa bai ɗago ba, sai ya ɗaga maka manuniya sama: "Dakata, ina kan gaɓa." Mutum ya taso tun daga garin Babban Mutum neman igiyar ɗaure bijimi, amma dole ya tsaya har sai macijin gem ɗin da Kawu ke bugawa a waya ya ciji jelarsa. Dattijo da furfura fal gemu! Wan mahaifiyata ne, don haka ni ban da bakin magana.

Zamanin 'yar ƙaramar wayarsa, rakani-kashi, lafiya lau ake zaune. Rigima ta taso ne da ɗansa ya aiko masa da babbar waya daga Kano, ya kamu da gem ɗin tseren babura. Nan ya gano waya ba ta da tarbiyya. Yana shirin shan kwana sai talla ta faɗo, ko kira ya shigo. Sai ya koyi katse kira da bayan yatsa, ko sunan mai kiran ba ya dubawa.

Ranar da 'yarsa Zulai ta haihu, matarsa Inna Haule ta yi ta kira yana katsewa. Sai da maƙwabcinsa ya zo har rumfa ya miƙa masa hannu.

"Barka, Malam Mudi!"

"Barka da me? Ai na biyu na zo."

"Wane na biyu? Jika ka yi, namiji!"

Kawu ya ce, "To ai ko na ɗaga, ba ni zan haihu ba."

Maganar ta isa gida kafin shi. Inna ta ɗauke masa wuta, tuwo ma sai dai ta turo masa da ƙafa. Ta ce ko dai waya ta koma waya, ko ita ta koma gidansu a Mashi. Ya san ba wasa take ba. Shi ne ya kira ni, wai ni ɗan boko ne, ya ji an ce akwai wata na'ura ta hannu da ba ta aikin komai sai gem, in raka shi ya gani.

Muka je shagon Sagir mai sayar da wayoyi. Wallahi yadda ake duba ragon layya haka Kawu ya duba abin nan. Ya juya, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, saura kaɗan ya buɗe mata baki ya ga haƙora.

"Ana kira da ita?"

"A'a, Baba."

"Fitila fa?"

"Babu."

"Rediyo?"

"Gem kawai take yi."

"Allahu akbar! Ka ga mai sana'a ɗaya. Irin su ne masu amana."

Maɓallan suka burge shi, don ya daɗe yana ƙorafin igiya ta cinye masa yatsu, gilashin waya ba ya gane yatsan talaka. Sai Sagir ya faɗi kuɗinta. Kawu ya ajiye ta a hankali kamar jaririn mutane.

"Kuɗin tunkiya ke nan fa. Tana haihuwa?"

"Ba ta haihuwa, Baba."

"To zan yi shawara."

Jama'a, shawarar nan sai da ta ga damina uku! Kowace Juma'a in an sauko masallaci, sai shagon Sagir, wai zai ƙara gwadawa. Ya zauna a benci ya buga har la'asar, ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Akwai abin dubawa." Rannan Sagir ya ce, "Baba, kun cinye mata batir." Kawu ya ce, "Ka gode Allah a hannuna ta nuna halinta, ba a hannun wanda ya biya ba."

A majalisarsu ta gindin dalbejiya kuwa ba wanda ya tsira. Yau ya ce na'ura ta fi, don ba ta raba mutum da iyalinsa. Gobe ya ce waya ta fi, don mai caji ba zai ci kuɗinsa sau biyu ba. In ka goyi bayansa sai ya koma ɗaya ɓangaren ya kayar da kai. Amininsa Malam Isiya ya gaji ya ce, "Mudi, ka ji kunya mana, da jikokinka kana wasan yara." Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai da kake durƙusawa kana tonon ramukan dara kamar kaza? Ni dai rigata fes nake tashi."

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, muka haɗa hannu mu 'ya'ya muka sayo masa ita, sabuwa a kwali. Muna jiran albarka, sai faɗa.

"Wa ya aike ku? Ina gab da yanke hukunci kun zo kun ɓata min lissafi!"

Ya dai karɓa. Ba a jima ba na je dubiya na tarar ya cusa ta ƙarƙashin matashi, ya koma kan wayarsa. Na ce, "Kawu, lafiya? Ta lalace ne?"

Ya waiga ya ga Inna ba ta kusa, ya rage murya. "Lafiyarta ƙalau, shi ne matsalar. A waya in na faɗi, wanda ya kira ni ne ya kayar da ni. Wannan kuwa ba mai kira. In na faɗi, ni ne na faɗi."

Ashe ciwon nan shi ne ajalinsa. Ranar sadakar uku Sagir ya rufe shago ya zo ya zauna can ƙarshen tabarma. Na matsa na ce masa cikin zolaya, to yanzu benci ya huta. Bai yi dariya ba. Ya ce tun yana goye mahaifinsa ya rasu, kuma duk Daura ba wanda ke tambayarsa ko ya ci abinci, ko ya je gaida tsohuwarsa, sai Kawu, idonsa na kan gem yana yi masa faɗa. Ya ce, "Ran Juma'a ne kawai nake da uba." Sai ya sa hularsa a fuska.

Allah Ya jiƙan Kawu Mudi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Inna Haule haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.